Kanya a New Malden

Kwana biyu kacal aka ba ni.
Na baro asibitin Leeds da warin magani a yatsuna,
na ɓata sau biyu a jirgin ƙarƙashin ƙasa
kafin Waterloo ta miƙa ni New Malden.
Hye-rin na bakin tasha da lema ɗaya,
muka raba ta, kowa ya ba ruwa kafaɗa guda.

Allunan shaguna da rubutunsu:
da'ira, sanda, ƙaramar kusurwa,
kamar kujerun yara da aka jera bayan an tashi makaranta.
Na tsaya gabansu baki sake,
ni da nake karanta rubutun likita ba gargada.

A kanti na ga kabeji jibge kamar an sauke amalanke,
busassun kifi ƙanana, ido a buɗe, suna kallon farashinsu,
ga riɗi, ga man riɗi,
ga barkono ja a buhu har gwiwata.
Na shaƙa, na yi atishawa uku,
mai kantin ya yi dariya da harshen da ban iya ba,
na kuwa gane.

A ƙofar gidansu takalma sun yi sahu.
Ban jira a faɗa mini ba, na tuɓe nawa.
Mahaifiyarta, Gyeong-ja, guntuwa, mai furfura tsaf,
ba ta tambayi hanya ba, ba ta tambayi gajiya ba,
sai ta ce: kin ci abinci?
Ashe gaisuwarsu ke nan.
Mu mukan tambayi kwana, su sukan tambayi ciki.

Tun mako guda aka gaya mata ba na cin alade.
Ba ta ce komai ba, ta je ta sayo sabuwar tukunya.

Kwanuka tara ƙanana suka kewaye shinkafa.
Tsinken ƙarfe biyu suka yi ta kokawa da ni,
tsiron wake ya tsere, ya faɗa cinyata,
sai ga cokali an turo, ba wanda ya ɗaga ido.
Da aka buɗe kimchi, ɗakin ya cika.
Na so in yamutsa fuska, sai na tuna:
wadda ta tashi da daddawa
ba ta yi wa tulun wani gori.
Na ci. Na ƙara. Hancina ya yi ta zuba.
Shayin sha'ir kuwa da hannu biyu na karɓa,
tsohuwa ta gyaɗa kai, kamar ta san wadda ta raine ni.

Washegari muka taka unguwa:
shagon aski, gidan burodi mai cusa wake da sukari
(da Iya Ladidi ta gani, da ta yi salati),
tsofaffi uku a benci suna musu kan abin da ya wuce.

Dab da tafiya ta ciro wani abu daga kwali,
busasshe, a lotse, da farin gari a jikinsa.
Na gatsa.
Sai ga ni a bayan gonarmu ta Gumel,
ni da Ɗanjuma muna jifar kanya,
rigata cike, bakina na danƙo,
rana tana faɗuwa ba wanda ya kira mu.

Ban san hawaye ya zo ba.
Ba ta tambaya ba. Ta yi magana tana kallon taga,
Hye-rin ta juya mini:
wai shekara talatin ke nan,
har yau ruwan garin nan ba ya ƙamshin ƙasa.

A jirgin komawa, kwalbar kimchi na jakata,
leda uku, ɗauri uku, duk da haka tana magana.
Na kusa da ni ya duba, ya canja kujera.
Ban ba shi haƙuri ba.
Na miƙe ƙafa a gurbin da ya bari.